Ƙarar da Ba Ta Cikin Ɗakin

Duk matashin da ya zo neman irin aikina, da magana ɗaya yake farawa: "Baba, ai ba wuya, ba abinci ne kawai ake zuba wa ɓeraye ba?" In ya ji har da jemagu, sai ya juya baya ya yi dariya. Ba na musu da kowa. Amma ƙarfina ya fara ja baya, kuma karatuna bai wuce firamare ba balle in tsaya gaban allo in koyar. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani, don wanda zai karɓi makullan bayana kada ya shigo da wannan tunani.

Sunana Hammadu. Iyayena makiyaya ne da suka zauna a gefen Inkil, wani ƙauye kusa da Bauchi, bayan shanu sun ƙare. Fiye da shekara ashirin ke nan ina kula da dabbobi a wani ƙaramin wurin bincike a cikin garin Bauchi, inda ake nazarin ji: yadda kunne ke ɗaukar sauti, yadda ƙwaƙwalwa ke karɓarsa, da abin da ke sa wasu mutane su riƙa jin ƙara a kunne alhali babu abin da ke ƙara. Shugabarmu ita ce Dakta Rifkatu. Tambayoyi nata ne, keji da tsintsiya nawa.

Jemagen farko da na riƙe, Baba Dauda ne ya sa min shi a hannu. Shi ke wannan aiki kafin ni, Allah ya jiƙansa. Sai da na yi wata uku ina wanke keji, aka kuma yi min allurar rigakafin haukan kare, kafin ya yarda na bi shi. Muka je wani tsohon sito a Inkil da hantsi, lokacin da suke barci a jikin rufi. Ba manyan nan da kuke gani suna reto a kan bishiyoyin gari ba, masu cin mangwaro. Waɗancan da ido suke tafiya. Namu ƙanana ne, masu cin ƙwari, wani bai fi kwalin ashana nauyi ba. Ya ɗauko ɗaya da ƙaramar raga, ya naɗe fukafukan, ya miƙo min. Na riƙe da safar hannu, na damƙe shi da ƙarfi.

"Kai ɗan Fulani, sassauta," in ji shi. "Wannan ba hantsar saniya ba ce. Kana matsa shi kamar za ka tatsi nono."

Na sassauta, jemage ya tashi ya koma rufi.

"To yanzu kuma ka yi masa sallama. Da kyau."

Riƙon yana tsakanin waɗannan biyun, kuma babu littafin da zai koya maka shi. Babban yatsa a ƙarƙashin haɓa, sauran su rungume fukafukai. In ya sarƙe a raga, ƙafafu ake fara warwarewa, ba a taɓa jan fiffike, don fatarsa tana yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Kowane ɗaya da jakarsa ta yadi, kuma a juya jakar, ɗinkin ya koma waje, kada zare ya naɗe masa farce. Wani tela a kasuwar Wunti ke ɗinka mana su. Har ya bar sana'ar bai yarda cewa ba na boka ba ne.

Ranar da na fara ganin an auna jin jemage, na ɗauka zai mutu a hannuna. Dakta ta yi masa allurar barci, ta sa wasu siraran wayoyi a ƙarƙashin fata kusa da kunne, aka buga ɗan sauti, sai ga layi yana tsalle a allon kwamfuta. Ta ce wannan tsallen shi ne saƙon kunne yana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Aikina a nan shi ne in riƙe ɗuminsa da kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma, in kafa ido a kan ƙirjinsa. In ɗumi ya ragu, layin zai yi ƙarya. In ya yi yawa, dabba za ta tafi. Bayan ya farfaɗo in ba shi ruwa da tsutsa, in mayar da shi wurin da na ɗauko shi, ba wani wuri ba. Ban taɓa barin wannan ya kwana biyu ba.

Na tambaye ta me ya sa jemage. Ta ce wannan ɗan abu yana ihu da ƙarfin gaske, sai dai muryar ta yi sama da yawa, kunnen mutum ba ya kai wa gare ta. Da amsa-kuwwar ihun yake ganin hanya da abinci. Kullum yana cikin wannan ƙara, tasa da ta 'yan'uwansa, amma ba kasafai jinsa ke lalacewa kamar namu ba. Tana so ta san abin da ke kare shi. Mu kuwa, in ƙara ta ɓata wani sashe na cikin kunne ya daina aika saƙo, ana zaton ƙwaƙwalwa ce ke ƙure nata sautin tana neman abin da ya ɓace, kamar rediyon da ya sauka daga tasha. Wannan shi ne ƙarar da mutum ke ji shi kaɗai.

Ɓeraye kuma don wata tambaya ake ajiye su. Ɓera ba zai ce maka kunnensa yana ƙara ba, sai an yi masa dabara. Ana ɗora shi a kan faranti mai awon motsi, a kunna wani sauti mai laushi, shuuu, a yanke shi kamar ƙiftawar ido, sai a buga tas! da ƙarfi. Mai lafiyar kunne yana jin wannan ɗan shiru, ya gane wani abu na zuwa, zaburarsa ta ragu. Wanda kunnensa ke ƙara kuwa, ana zaton ƙararsa ce ke cike gurbin, bai ji shirun ba, sai ya zabura gaba ɗaya. Kullum Dakta tana cewa "ana zato." Ban taɓa jin ta ce ta tabbata ba. To ku lura, dukkan aikin a kan ɗan shirun nan ya rataya. In ɗakin yana da wata ƙara tasa, awon ya tashi a banza.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ɗalibai, da masu son a kwashe musu jemagu daga silin, da masu zuwa a ɓoye su ce in sayar musu da ɗaya za a haɗa magani. Waɗannan ina ba su haƙuri. Wanda ban manta ba wani tsohon soja ne daga wajen barikin Shadawanka. Ya zauna a benci, hularsa a hannu, ya ce tun lokacin da ya yi aiki kusa da manyan bindigogi kunnensa bai yi shiru ba. Ya ji an ce muna neman magani. Dakta ta fito ta gaya masa gaskiya, ba mu da shi tukuna. Ta ce ya je a duba kunnen a asibiti, ya kuma riƙa barin rediyo a hankali kusa da shi don ya rufe masa ƙarar. Ya mayar da hularsa. Da ya tashi tafiya sai ya dube ni.

"Kai ne mai ɓerayen?"

"Ni ne, yallaɓai."

"To ka gaya musu su yi sauri."

Aikin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne sauraron ɗaki. Ɗakin awo yana da ƙofa biyu, bangonsa an lulluɓe da soso, babu fanka, babu taga. Baba Dauda ya kafa al'ada: kowace safiya, kafin a shigar da dabba, mai kula zai shiga ya rufe ƙofofin, ya zauna, ya saurara. In babu komai, ya rubuta kalma ɗaya a littafin bakin ƙofa: shiru. Akwai mitar awon ƙara, amma tsohuwa ce, ba ta kama sauti mai tsini sosai, ga shi kuma irinsa ne ɓera da jemage suka fi ji. Shekarun baya na taɓa cewa ina jin wani siririn fito alhali mita ba ta nuna komai ba. Aka bincika, aka tarar da cajar waya da wani ɗalibi ya manta a bayan tebur. Daga ranar Dakta ta ce kunnen Hammadu ya fi mita. Na riƙe wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Akwai kuma wani akwati a ɗaki na daban, inda ake sa wasu ɓeraye a buga musu ƙara mai ƙarfi na wani lokaci, don a ga waɗanda ƙarar kunne za ta kama. Doka a rubuce take a ƙofa: kada a shiga sai da marfin kunne. Ina sawa. Amma ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo sau uku na taɓa kwaɗon. In na shiga duba su, sai in ga kamar ɗaya ya kwanta da yawa, in ce ko kwalbar ruwa ta toshe, ko wani yana kuka ba na ji. Sai in ɗaga marfin gefe ɗaya in kara kunnena. Ɗan lokaci ne, in mayar. In fita, in dawo, in sake. Shekara da shekaru ina haka. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya gani.

Mugunyar shekarar ta fara ne wata safiya bayan an sabunta wayoyin ɗakin awo. Wanda ya yi aikin Oga Emeka ne, mai shagon kayan lantarki a Wunti, wanda ya daɗe yana yi mana gyara. Na shiga, na rufe, na zauna. Sai na ji wani abu siriri, kamar kukan gyare daga nesa, ba ya yankewa. Na fita na dawo, yana nan. A waje babu, a ciki akwai. A karo na farko ban rubuta shiru ba.

Dakta ta shiga da kanta, ba ta ji ba. Ta ce wannan ba hujja ba ce, kunnenta ya tsufa. Ɗalibai suka shiga ɗaya bayan ɗaya, wata ta ce kamar tana ji, kamar ba ta ji. Dakta ta tsare ni da tambaya.

"Malam Hammadu, kana jin ta a gida?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"A masallaci fa? A hanya?"

"Nan kaɗai nake ji."

Gaskiya na faɗa iyakar sanina. Gidana yana bakin titi, keke da babura ba sa yankewa, ga injin niƙa a maƙwabta. Masallacinmu fanka shida gare shi. A duk faɗin rayuwata ta cikin gari, ɗakin nan ne kaɗai wurin da babu hayaniya. Kuma ni ƙarar kunnen da na sani tun ina yaro ita ce mai zuwa farat ɗaya, a ce wani ne ya ambace ka, ka yi salati, ta wuce. Ban san akwai mai zama ta ɓuya a ƙarƙashin hayaniya ba. Na sha jin bayaninta a kan ɓeraye, na ga sojan nan da idona, amma ban taɓa kawo kaina cikin lissafin ba.

Aka tsayar da awo, aka kira Oga Emeka. Ya canza waya, na ce tana nan. Ya canza lasifika, na ce tana nan. Zuwansa na uku ya kashe wutar ginin gaba ɗaya, har janareto, ya tsaya yana gumi a bakin ƙofa. Na fito na ce tana nan, wataƙila daga baturan da ya ɗaura a bayan bango take. Ya jefar da filaya. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ya bambanta mace da namiji.

"Malam, wuta babu, inji babu. Wannan ƙara, aljani ne ya kawo? Ko kunnenka ne yana busa sarewa?"

Ɗalibai suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Kunnen nan ya kama abin da mita ba ta kama ba, tun kafin ka san hanyar nan." Dakta ta goyi bayana. Ta ce masa ya cire baturan, ya dakata da zuwa, za a nemo wani. Direbanmu ya kai maganar Wunti, a gaban maƙwabtan shagonsa, cewa aikinsa ya ɓata mana ɗaki. Daga baya na ji wasu masu ba shi gyara sun janye. Kuma tunda ba a san yaushe ƙarar ta fara ba, Dakta ta ce duk awon da aka yi tun kusan farkon damina za a ajiye shi gefe, in ba a gano tushenta ba a zubar. Aikin ɗalibai biyu ke nan na watanni.

Ana cikin haka na je mayar da wasu jemagu uku da aka fasa aunawa. Sito ne dai na Inkil, da rana tsaka, manoma duk sun shiga inuwa. Babu waya ko ɗaya a wannan gefe, babu inji. Na shiga, na buɗe jakunkuna, suka hau bango suka lafe. Na tsaya kaɗan in tabbata sun kama. Sai na ji ta. Ita ce, ba wata ba, da tsininta da komai.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne ko Allah ya buɗe min kunne na fara jin muryar jemagu. Na fita na yi nisa cikin gona, ta biyo ni. Sai na sa yatsu biyu na toshe kunnuwana. Ƙarar da ke waje, in ka toshe, raguwa take. Wannan ƙaruwa ta yi.

Ku riƙe wannan, ku da za ku zo. Gwaji ne da ba ya bukatar mita ko takardar shaida, kuma duk cikinmu, masu digiri da mai firamare, babu wanda ya tuna da shi. In ka ji ƙara a ɗakin awo, kafin ka kira sunan kowa, toshe kunnenka.

Kwana biyu na yi ban faɗa ba. Wannan ma dole in rubuta. Na san in na faɗa, sauraron ɗaki ya fita daga hannuna har abada, kuma za a tambaye ni yadda aka yi. In na yi shiru, sabon mai gyara zai zo ya taɓa wani abu, in ce ta tafi, kowa ya huta. Sai dai awon ɗalibai zai tafi kwandon shara, Oga Emeka kuma ya zauna da laifin da bai yi ba. Na yi ta juya keji ina wanke wanda na riga na wanke. A rana ta uku na ga ɗaya daga cikin ɗaliban tana ɗaure takardunta da roba za ta sa a kwali. Na ajiye bokiti na ƙwanƙwasa ofis.

Na gaya wa Dakta komai, har ɗaga marfin kunne. Ta cire tabarau ta riƙe goshinta.

"Shekara nawa ina neman abin nan a cikin ɓera," in ji ta, "yana gabana yana share min ofis."

Ba ta yi faɗa ba, amma ba ta sassauta ba. Ta ce daga ranar ba ni ba akwatin ƙara, ba ni ba sauraron ɗaki. Mutum biyu za su riƙa yi, kuma za a nemi sabuwar mita. Ta zaunar da ni a kujera, ta sa min abin ji a kunne, tana murɗa sauti sama da ƙasa har na ce, "Nan. Wannan ce." Ta rubuta. Ta ce daidai wurin ne jina ya ragu, a kunnen hagu, wanda nake ɗaga wa marfi. Na tambaya ko za ta tafi. Ta ce ba za ta yi min alkawari ba, wasu tana raguwa, wasu suna sabawa. Har yau tana nan. Ɗaliba ta kwance robar takardunta.

Dakta ta ce za ta rubuta wa Oga Emeka takarda direba ya kai. Na roƙe ta ta bar ni in je. A gaban mutane aka ɓata shi, takarda kuwa a aljihu take ƙarewa.

Na same shi da la'asar, shago cike da rediyo da talabijin kowane yana nasa. Ya gan ni ya ci gaba da aikinsa. Na yi sallama ga mai shagon taya da telan da ke gefensa, na ce su matso, magana gare ni. Na ɗaga murya yadda za su ji, na ce aikin Oga Emeka ba shi da aibi ko kaɗan. Ƙarar a kaina take. Ya faɗa tun farko, na ƙaryata shi. Na ce ya yafe min.

Tela ya ce, "Ikon Allah." Mai taya ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

Oga Emeka ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube ni.

"Kwastoma huɗu ya gudu, Malam."

"Ka gaya min gidajensu. Zan je ɗaya bayan ɗaya."

"Yanzu ma kana ji?"

"In an yi shiru."

Sai ya tashi ya bi rediyoyin nan yana kashewa, ya kashe talabijin, ya kashe fanka. Ya daka wa mai taya tsawa ya tsayar da injin iska. Ya zo ya kama kafaɗata, ya kara kunnensa a jikin kunnena na hagu, kamar yadda yake yi wa lalatacciyar rediyo. Muka tsaya haka a tsakiyar shago, mutane suna kallo. Ya ɗago, ya girgiza kai.

"Wannan waya ba ni ya haɗa ba," in ji shi a hankali. "Wanda ya haɗa, shi kaɗai zai gyara."

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ce in tsayar mana da keke, akwai baturan da ya cire a banza, yana so ya mayar kafin magariba.